Zakaran da Ke Gadin Sunayen Kaka Afiniki

Kafanchan,
9 ga Fabrairu, 1999

Yaya Asher,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Legas, yaya aiki, yaya Anti Beatrice da yara? Mu nan da sauƙi. Tarin Mama ya sake ta. Kaka Afiniki tana nan da bakinta, jiya ta cinye tuwon acca malmala biyu sannan ta ce miyar ba gishiri.

Na gama gaisuwa, yanzu ka ji. Tun Kirsimeti da ka sauke mana tsohuwar kwamfutar ofishinku a ɗakin marigayi Baba, ka ce in koyi bugu ko na sami aiki, ban ga layi ɗaya daga hannunka ba. Ka ɗaure mini dabba ka tafi, ba ka faɗa mini abin da take ci ba. Littafin da ka bari rabinsa babu, daga shafi na arba'in ya fara. Haka na karanta shi sau uku da ƙamus ɗin Baba a cinya, yadda na karanta komai tun da aka fitar da ni daga fom tu.

Ba takardun neman aiki nake bugawa ba. Kaka nake bugawa. Ka san ba ta magana gaban kaset tun ranar da wani mara hankali ya kunna muryar Baba a bikin 'yar'uwarmu Magdalene, wata biyu bayan mun binne shi. Biro kuma ba ta jiransa. Amma da ta ga haruffa suna fitowa a allo, ta sa aka jawo mata kujera. Ta ce, "Wannan ba ya maimaita muryar mutum?" Na ce ba ya yi. Ta ce, "To rubuta." Kullum da rana in akwai wuta, tana faɗi da yarenmu ina bugawa: waɗanda suka sauko daga dutse, wa ya haifi wa, wa aka kai aure wane ƙauye, gidajen da jininmu ɗaya ba ma aure da su, inda aka binne kowa. Shafi ɗari da goma sha takwas, Yaya. Mamarka, marigayiya Goggo Tamar, tana ciki, har sunan da ake kiranta kafin baftisma, wanda na tabbata kai ma ba ka sani ba.

Ga matsalar. Na kwafi aikin a diski uku kamar yadda littafin ya ce. Na kai ɗaya shagon Onyedikachi, ɗan Baba Romanus na reluwe, ya buga mini shafin farko a takarda in nuna wa Kaka. Tun ranar, maganin bairas ɗin da ka sa, wanda hoton zakara ke fitowa in an kunna, ya haukace. Duk diskin da na sa sai ya yi ƙara, allo ya yi ja. Ya ce akwai cuta, ya ce ba zai iya cirewa ba, ya ce jerin cututtukan da ya sani ya tsufa, in sabunta. In sabunta da me? Da ruwan rijiya? Littafin ya ce a sauko da sabo ta layin waya. Wanda ya rubuta littafin nan ya zo Kafanchan ya nuna mini wayar.

Onyedikachi dariya ya yi. "Silva, wannan zakara naka ya tsufa, ido ya mutu. Kawo in sa maka mai hoton fitila, shi ne kowa yana sa a Onitsha." Na ce daga shagonka na ɗebo cutar, kai ne kuma za ka ba ni magani? Ya ce in fita masa daga shago. Na fita.

To ka faɗa mini, kai mai digiri: in zauna da zakara, ko in sa mai fitila, ko in haɗa su biyu su yi gadi tare? Kada ka rubuto mini wai ya danganta. Kaka ta wuce tamanin da biyar.

Ƙanenka,
Silvanus


Legas,
24 ga Fabrairu, 1999

Silva ƙanena,

Na gode wa Allah da jin kuna lafiya. Mu ma ƙalau, sai zafi da gosulo. Ka durƙusa ka gaida mini Kaka da Mama Emilia. Bakinka dai bai canza ba. Na karanta wa Beatrice wasiƙarka, ta yi dariya har da hawaye a wurin ruwan rijiya.

Ga amsa, ba ya danganta a ciki. Kada ka haɗa magani biyu a inji ɗaya. Kowanne zai ɗauki ɗan'uwansa ɓarawo, kai ne za ka sha wahala a tsakiya. Ka zauna da zakara. Na Onyedikachi kwafin kwafi ne, ba wanda ya san hannun da ya bi. Kuma abin dubawa a magani ba hoton da ke kwali ba ne, shi ne ko za ka riƙa samun afdet ɗinsa, wato sabon jerin cututtuka. Na zakara ni zan riƙa aiko maka.

Baba Romanus ya shigo Legas, na ba shi diski uku, na rubuta ɗaya, biyu, uku a jikinsu. Ka sa su a jere. Ka tabbata ka sa kafin 15 ga Maris, bayan ranar ba za su shiga ba, haka aka tsara su.

Naka diskin guda uku kuwa, ka yi musu fomat, ka goge su tas. Kada ka sake kwafar komai a kansu sai afdet ya shiga ya wanke injin, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagaye. Kwana kaɗan ne.

Ka daina ɗaga hankalinka haka. Rubutu ne kawai. Ko wani abu ya ɓace, ai Kaka tana nan, sai ta sake faɗi.

Yayanka,
Asher


Kafanchan,
29 ga Maris, 1999

Yaya Asher,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya. Mu ba ma lafiya.

Kaka ta faɗi ranar Lahadi, 14 ga wata, a ƙofar majami'a bayan sujada. Matan zumunta ne suka ɗauko ta. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, baki ya karkace. Tana ji, tana gane kowa. Magana ce babu. Sati biyu ke nan ko ruwa ba ta iya cewa ba.

"Ai Kaka tana nan, sai ta sake faɗi." Na karanta layin nan naka har takardar ta yage a ninki. Rubutu ne kawai, ko? Kai da aka ɗauke ka tun kana shekara goma sha biyu, yarenmu in ka wuce gaisuwa sai ka fara murmushi, kai ne za ka gaya mini nauyin abin da ke cikin injin nan? Ka zauna a ofishi mai sanyi kana karanta wa matarka wasiƙata kuna dariya. Ku yi. Ranar da 'yarka za ta kawo saurayi daga gidan da jininku ɗaya, sai ka tambayi zakara.

Wasiƙarka ta gidan waya ta zo da wuri, kuma a ranar na goge diskina uku, don yayana mai ilimi ya ce. Baba Romanus kuwa daga Legas gida Gabas ya wuce binne yayansa. Sai ranar Juma'a, 26 ga wata, ya shigo. "Yi haƙuri, ɗana, na ajiye shi cikin Baibul, ba abin da ya taɓa shi." Me zan ce wa tsoho mai makoki?

Na sa na ɗaya, zakara ya ce lokaci ya wuce. Na zauna na ce, shi wa ya gaya masa ranar? Agogon cikin injin ne. Shafi na saba'in da biyu na littafin da ka bari ya nuna yadda ake taɓa shi. Na mayar da kwanan wata baya sati uku, ya karɓa kamar wawa. Wannan ba digiri ne ya koya mini ba. Na ɗaya ya shiga. Na biyu ya kai rabi ya tsaya yana gurnani. Sau tara na gwada. Na ja murfinsa na ɗaga a rana, ga fumfuna a jiki.

Na haɗiye bakina na je na ba Onyedikachi haƙuri, ya zo ya sa mai fitila. Ka yi gaskiya a nan, suka kama juna, inji ya daskare, linzamin kwamfutar ya ƙi motsi. Wuni guda muka yi muna cire shi. Yanzu ga ni da zakara mai rabin ido da diski uku da ba komai a kansu.

Kafin ta faɗi mun kai shafi ɗari da sittin da huɗu. A duk duniya wuri ɗaya suke, cikin akwatin ƙarfen nan mai cuta. Kullum da rana ni da Mama mukan ɗauko ta mu zaunar gaban allo, in karanta mata, tana riƙe da hannuna da hannun hagu. In na karkata wani suna sai ta matse. In na gyara ta saki. Lokacin kaɗai take yarda ta sha kunu.

Ka aiko na biyu. Ka aiko da wanda ba shi da makoki.

Silvanus


Legas,
15 ga Afrilu, 1999

Silva,

Ina gaisuwa. Na ba direban motar Kafanchan wannan hannu da hannu don kada ta yi kwanaki. Labarin Kaka ya karya ni. Na karanta a bas na rufe fuska da takardar. Ka riƙe mata hannu ka ce Asher na Tamar yana gaishe ta, zan zo da zarar an sake ni a wurin aiki.

Abin da ka faɗa a kaina da Beatrice ba zan amsa ba. Lokacin da na rubuta layin nan ban sani ba, kai ma ka san ban sani ba.

Yanzu ka ji abu mafi muhimmanci. Akwai wani bairas da ake ta magana a ofis. Yana kwanciya shiru a inji, ba ya nuna kansa, sai ranar 26 ga Afrilu ya tashi ya cinye komai. Tsohon jerin zakara bai san shi ba. Ban sani ba ko naka yana da shi, amma kada mu gwada. Ranar Litinin, 26 ga Afrilu, kada ka kunna injin. Ko da wasa. Zare wayar wuta daga bango. Talata ka kunna, ya wuce sai baɗi.

Ina haɗa maka sabon afdet da sababbin diski goma cikin leda. Tsofaffin nan uku kada ka ƙara amfani da su.

Yayanka,
Asher


Kafanchan,
28 ga Afrilu, 1999

Yaya Asher,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Anti Beatrice? Ka ce mata bakina ya fi ni gudu, ban nufe ta ba. Kai kuma rabi na nufa.

Kaka tana nan yadda take. Na faɗa mata saƙonka, ta dubi ƙofa ta daɗe tana dubawa.

Na yi yadda ka ce. Tun Lahadi na zare waya, na rufe injin da zanen Kaka na zumunta. Mama ba ta yarda da ni ba, ta naɗe wayar ta sa a jaka ta tafi da ita kasuwa. Ta ce, "Na san ka, in aka ce kada ka taɓa, lokacin ne hannunka ke ƙaiƙayi." Ranar Litinin Kaka ta ƙi kunu, tana nuna zanen da ido. Na ce mata injin yana azumi.

Jiya Talata na kunna. Yaya, shafukan duk suna nan. Ɗari da sittin da huɗu. Injinan Onyedikachi guda biyu sun mutu ranar Litinin, shi da fitilarsa. Yana zaune ƙofar shago ya dafe kai. Ban yi masa dariya ba, ka rubuta wannan a wani wuri.

Na karanta wa Kaka gidan Zamani mahaifinta tun daga farko, ta sha kunu kofi biyu. Ina jiran ledar. Ban taɓa tsofaffin diskin ba.

Ƙanenka,
Silvanus


Legas,
12 ga Mayu, 1999

Silva,

Allah ya sa wannan ta same ka kafin Litinin. Ba ni da lokacin gaisuwa, ka gafarce ni.

Yau ina shirya ledarka na ɗauko wasiƙarka ta Maris in duba wane diski ne ya lalace. Silva, ban karanta ta duka ba a wancan lokacin. Na kai inda ka zage ni, raina ya ɓaci, na tsallake zuwa ƙarshe. Yau ne na ga ka mayar da kwanan wata baya sati uku. Ka gyara shi daga baya? A ƙasan allo awa kawai yake nunawa, ba za ka lura ba.

Bairas ba ya duba kalandar bango. Agogon inji yake dubawa. In ba ka gyara ba, 26 ga Afrilu na injinka bai zo ba tukuna. Ranar Litinin ne, 17 ga Mayu.

Kana karanta wannan ka gyara kwanan watan, ka kwafi aikin a kan ko wane diski, mai cuta ko mai fumfuna, ban damu ba. Ni ne na ce ka goge su, kuskurena ne.

In kuma ya riga ya faru, kada ka bar kowa ya taɓa babban diskin ciki. Farkonsa kawai yake ci, inda aka jera abin da ke ciki. Shafukan suna nan a ƙasa, a nan muna da mai iya tono su. Ka naɗe shi ka ajiye, zan zo in ɗauka.

Na gwada wayar maƙwabtanku sau shida, ba ta shiga. Direban jiya ya tafi, na ba wani.

Asher


Kafanchan,
21 ga Mayu, 1999

Yaya Asher,

Gaisuwa. Mama tana lafiya. Kaka tana numfashi. Ledarka da wasiƙarka sun iso shekaranjiya Laraba. Diski goma, sababbi fil, na ƙirga.

Ban gyara ba. Na manta. Na yi ta alfahari da dabarar har na rubuto maka, sannan na manta da ita kamar ba ni na yi ba.

Ranar Litinin wuta ta zo ƙarfe biyu. Muka zaunar da Kaka. Na kunna, zakara ya fito ya ce komai lafiya. Na buɗe gidan Zamani, ban kai layi uku ba allo ya yi shuɗi, cikin injin ya yi wani kuka kamar ana niƙa tsakuwa. Na kashe na kunna. Baƙi. Na sake. Baƙi. Kaka tana kallona. Na ce mata wuta ce ta yi ƙasa.

Talata da sassafe na ɗora shi a cinya har Jos. Mai gyaran ya duba ya yi dariya. "Wannan ai na Afrilu ne. Naka a ina ya tsaya shan shayi?" A nan ne na tuna, a tsaye, gaban mutane. Na ce masa akwai rubutu a ciki. Ya ce, "Babu komai a ciki, abokina, ya cinye. Na yi irinsa talatin. Je ka ci abinci ka dawo ƙarfe huɗu." Ni da ba a taɓa gaya mini magana na yi shiru ba, ni da na yi faɗa da fasto a kan aya, ranar sai na juya na tafi. Na dawo ya canza abin da ya ƙone, ya yi wa babban diskin fomat, ya zuba sababbin kaya a kai har ya cika. Ya sa mini maganin bairas na wannan watan, ya ce babu irinsa a Jos. Ya gyara mini kwanan wata ma.

Washegari na karanta cewa shafukan suna nan a ƙasa.

Na so in zage ka. Na zauna da biro na nemi zagin, ban samu ba. Kai ka ce in goge, ni na taɓa agogo, kai ka tsallake layi, ni na sa ka tsallake da bakina. Ka raba yadda kake so, ni na gaji. Tambayar da na yi maka a Fabrairu ma, zakara ko fitila, yanzu in na tuna kunya nake ji. Da na kwafi abin nan da biro a littafin makaranta, shafi biyu kullum, da tuni na gama.

Abin da ya rage shafi ɗaya ne, wanda Onyedikachi ya buga a takarda. Sunayen da kowa ya sani ne, har yara.

Ban gaya wa Kaka ba. Mama ta ce in faɗa mata, na ce ita ta faɗa, ta fita tsakar gida. Jiya muka zaunar da ita kamar kullum. Na kunna, na buɗe farin shafi wanda ba komai a kai. Idonta yanzu ba ya rarrabe haruffa, hasken kawai take gani. Na sa ido a allo na fara faɗi da ka, kamar ina karantawa. Na yi mamakin yawan abin da ya zauna a kaina, na kuma ji tsoron yawan abin da babu.

Na bi gidan Zamani. Dogara, ba ta matse ba. Kasham da aka kai aure bayan kogi, ba ta matse ba. Shekari wanda maciji ya sara a gonar citta, ba ta matse ba. Na zo na huɗu. Na san akwai na huɗu, na tuna ta yi kuka ranar da ta faɗe shi, na tuna na tashi na kawo mata ruwa. Sunan ne babu. Na ce Bobai. Ta matse hannuna. Na ce Kure. Ta matse. Na faɗi duk sunan da na taɓa ji a gidan nan, tana matsewa, bakinta yana motsi, iska kawai ke fita. Sai ta daina matsewa. Ta juyo ta bar kallon allo, ta dube ni. Yaya, ta gane.

Ba ta sha kunu ba jiya. Yau ma ba ta sha ba.

Kada ka ƙara aiko afdet. Injin yana da magani mafi sabo a ƙasar nan, yana gadin farin shafi. Abu ɗaya nake roƙo. Goggo Tamar ta goye ka shekara biyu, ta yi maka waƙa, ta zage ka da sunayen kakanni in ka yi laifi. Ka zauna ka tuna. Ko rabin suna ne, ko yadda ya fara. Ka rubuto da biro, kada ka jira direba, ka kawo da kanka. Ƙanen Kaka ne, na huɗu, ya mutu yana yaro. Hannunta na hagu yana aiki har yanzu. In ka faɗa daidai za ta saki.

Ka yi sauri.

Silvanus